WhatsApp Business ya nuna min inda masu sayen littafina suke

Shekara guda ina tallan littafina daga ɗakina a Agege, amma ko da wuƙa a wuya ba zan iya faɗin wace talla ce ke kawo ciniki ba. Na biya kuɗi a Facebook, na raba takardu a Idi-Araba bayan Juma'a, na roƙi ƙawaye su sa a sitatus. Kuɗi dai na fita.

Ƙanena ne ya ce, "Yaya, ki koma WhatsApp Business." Dabarar ita ce mahaɗin wa.me, wato link ɗin da ke buɗe hira da ke kai tsaye a WhatsApp: kina haɗa shi da saƙon da zai fito a rubuce da zarar mutum ya danna. Sai na yi uku. Na Facebook yana cewa "Na gani a Facebook", na takarda da na sitatus kowanne da nasa. Duk wanda ya biya kuma in sa masa alama.

Abin ya ba ni kunya, wallahi. Facebook ya tara min masu "nawa ne?" rututu, sai su yi shiru. Takardun da na sha rana a kansu, mutum biyu kacal suka kawo. Ashe sitatus ɗin matan Islamiyyarmu ne ke sayar da littafin, kyauta.

Manhajar ba ta san wanda ya goge saƙon ya rubuta nasa ba, don haka nakan tambaya da baki. Kuɗin buga takarda kuwa yanzu na mai kai wa masu saye littafin Mile 12 ne.