Dell OptiPlex 7050 Micro a matsayin sabar gida: ta yi biyu, na uku ya gagara

Ƙaramar kwamfuta ce, ta hannu na saya, irin waɗanda ofisoshi ke sallamarwa idan sun sabunta kaya. Girmanta bai wuce littafi mai kauri ba. Aiki uku na ɗora mata: wasan Minecraft na ƙannena da abokansu, shafin intanet na shagonmu, sai imel.

Tawa furosesa Core i5-7500T ce a ciki. Na ƙara mata RAM ya kai 16GB, na sa SSD a ramin M.2, na girka Debian, wani nau'in Linux. Wasan ne ke da ci. Sabar Minecraft kusan kan koo ɗaya, wato sashe ɗaya na furosesa, take jibga aikinta, don haka saurin koo ɗaya ya fi yawansu amfani, kuma a nan ta yi wa ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 fintinkau. Yaran na ta gine-ginensu da daddare ba wanda ya zo min da ƙorafin sanƙarewa, su kuwa ba sa ɓoye ƙorafi. Shafin shago kam ko a jikinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin shan wuta. Cajarta ta wat 65 ce, kamar ta laftof, kuma idan ba ta aiki sosai abin da take ja bai kai rabin haka ba. Ƙaramar inbata da batir ɗaya sun riƙe ta tare da rauta. A BIOS, wato saitin tashin kwamfuta, akwai wurin da ake kira AC Recovery. Ka saita shi a kan Power On, duk sanda wuta ta dawo za ta tashi da kanta. Ga mai zama inda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai lokacin hunturu ƙura kan cika fankarta, dole a buɗe a hure.

Imel kuwa, ba laifin na'urar ba ne. Layin gida yawanci ba ya ba ka adireshin IP naka kai kaɗai, kuna raba ɗaya ne da jama'a. Kamfanonin intanet da yawa suna toshe fot 25, ƙofar da imel ke bi, kuma adireshin gida na cikin jerin da manyan masu imel ba sa yarda da shi. Saƙo ya tafi, ya faɗa kwandon shara ko a dawo da shi. Shafin na fitar da shi ta Cloudflare Tunnel, hanyar da ba ta buƙatar adireshin IP naka, imel ɗin kuma na mayar da shi ƙaramar VPS, wato sabar haya a intanet.

Idan za ka saya, ka sa a kunna ta a gabanka, ka tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, kuma a haɗa maka da cajarta ta asali.