Dawakai a ƙoshe, amma ba a duba majayi

Makarantar koyon hawan doki ce a bayan garin Jos, kuma gaskiya dawakinsu a ƙoshe suke. Harawarsu busasshiya ce, dusa da kanwa ba sa yankewa, barga a share. Filin koyo ma an zuba masa yashi, abin da ya dace ke nan, tunda tsakuwar Jos cin kofato take yi. Da a nan zance ya tsaya, da na ce kowa ya kai ɗansa.

Wurin ɗaura sirdi ne aka ɓata. Duk wanda ya san doki ya san yana kumbura ciki idan ana ja masa majayi, wato ɗamarar da ke bi ta ƙarƙashin cikinsa ta riƙe sirdi. Shi ya sa bayan an ɗaura ake jansa ya taka kamar minti 5 ya saki iska, a sake matsewa har ya zama yatsu biyu kaɗai ke shiga tsakanin majayi da jikinsa, sannan a hau. Yaran bargar nan sau ɗaya suke ja su miƙa linzami.

A gabana wani yaro ya zuba nauyinsa a likkafar hagu ana cikin sassarfa, sirdi ya juya, ya zamo ƙasa. Allah ya taƙaita, goɗiyar mai sanyin hali ce, ta tsaya cak. Kambas ne a ƙafarsa, marar dunduniya, irin wanda ke zurmawa cikin likkafa ya maƙale. Da hakan ta faru, jansa za ta yi a ƙasa. Hular kwanon ma ta yi masa yawa. Mai koyarwar kuwa cewa ya yi ai haka ake koyo, kuma wannan ya fi faɗuwar ɓata mini rai.

Da aka sauke sirdin sai ga zubka, wato shimfiɗar da ke tsakanin sirdi da bayan doki, jiƙe sharkaf da gumi, gashin gadon baya ya goge, miki ya fara. Sirdi mai wasa da zubka mai danshi su ke jawo wannan. Dabbar hutu take buƙata har fata ta warke, ga likitocin dabbobi nan kusa a Vom. Amma da yamma aka sake ɗaura mata. Na janye yabon da na yi wa kulawarsu.

In dole sai ka je, zura yatsunka a majayi da kanka kafin yaro ya hau, ka ɗaga zubka ka duba baya, kuma ka tafi masa da takalmi mai dunduniya.