Muhammad Ali ko Kanar Sanders: wa Louisville ta fi tinƙaho da shi?

Malam, ka tambaya wanne ne ɗan Louisville na gaske, birnin nan na bakin kogin Ohio a jihar Kentucky: Muhammad Ali, ko Kanar Sanders, tsohon nan mai farin gemu da ake gani a jikin kwalin KFC, kamfanin nan na soyayyar kaza.

Sanders dai baƙo ne. A jihar Indiana aka haife shi a 1890, kuma a wani gidan mai da ke garin Corbin ya fara soya wa matafiya kaza wajen 1930. Kanar ɗin ma ba na soja ba ne, sarauta ce ta girmamawa da gwamnan Kentucky ya ba shi a 1935. Abin da ya haɗa shi da Louisville shi ne hedikwatar kamfanin da ta daɗe a can.

Ali kuwa nan aka yanke masa cibiya, ranar 17 ga Janairu 1942, ya kuma tashi a ɓangaren yammacin gari inda baƙar fata suka fi yawa. Yana ɗan shekara 12 aka sace masa keke. Ya je wurin wani ɗan sanda, Joe Martin, yana huci yana cewa sai ya lakaɗa wa ɓarawon duka. Martin, wanda dama yana koyar da dambe, ya ba shi shawarar ya fara koyon naushi tukuna. Bayan shekara shida yaron ya dawo daga Rum da lambar zinare ta Olamfik.

Duba 1964 ka ga bambancinsu. A shekarar ce Sanders ya sayar da kamfaninsa kan dala miliyan 2. A cikinta ne Ali ya doke Sonny Liston ya karɓi kambun damben duniya, ya jefar da sunansa na haihuwa, Cassius Clay, har ya ziyarci Ghana da Najeriya da Masar. A 1967 ya ƙi shiga soja a lokacin yaƙin Vietnam, aka ƙwace masa kambu, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe yana tsakiyar ƙarfinsa.

Ni dai a wurina ba a ma haɗa su, kuma garin ya nuna zaɓinsa a 2019 da ya sa wa filin jirgin samansa sunan Ali. Sai dai in ka je maƙabartar Cave Hill, duk su biyun za ka tarar: Sanders tun 1980, Ali kuma tun Yunin 2016, bayan dubban mutane sun yi masa sallar jana'iza a zauren Freedom Hall.