Nutson 'yan koyo a Cozumel: ta hannun jirgi za a biya, ko shagon bakin teku za a nema?

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Kin ce a hutun Disamba za ku tashi a jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga Galveston ta Amurka, ke da Alhaji da yara uku: babbar mai shekara 15, na tsakiya 11, auta 8. Jirgin zai tsaya a tsibirin Cozumel na Meziko da kuma tsibirin Grand Cayman. Cikinku ba wanda ya taɓa goya tukunyar iska ya shiga ƙarƙashin teku, yara kuma sun matsa. Jirgi yana sayar da fita zuwa nutson a manhajarsa, kin kuma ga wani shagon nutso a intanet da kuɗinsa bai kai na jirgin ba. Wanne za ki ɗauka?

Da ni ce, a Cozumel shagon zan nema, na safe. A Grand Cayman kuwa ta hannun jirgi zan biya, ko in haƙura da nutson gaba ɗaya a can.

Kafin dalili, ki san cewa hajar ɗaya ce. Galibin jiragen nan ba su da masu koyar da nutso nasu na kansu. Dillalai ne: su karɓi kuɗinki, su cire la'adarsu, su miƙa ku ga wani kamfanin tsibirin da suka ƙulla yarjejeniya da shi. Abin da za a yi muku a ko'ina shi ne ɗanɗanon nutso na yini guda, wanda PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, ke kira Discover Scuba Diving, kuma da wannan sunan za ki nema. Za a zaunar da ku a yi bayani na kamar rabin awa, a shiga da ku ruwan da bai wuce ƙirji ba a koya muku fitar da ruwa daga gilashin fuska, da lalubo abin shaƙa idan ya suɓuce daga baki, da alamun hannu. Daga nan a sauka. Ba a wuce zurfin mita 12, zaman ƙasan kuma minti talatin zuwa arba'in ne, gwargwadon yadda mutum ke zuƙar iskarsa. Ba a ba da satifiket a kansa. Dokokin nan ba sa canzawa don ta jirgi kika biya ko ta shago.

Abin da jirgi ke sayar miki a kan ƙarin kuɗin nan kwanciyar hankali ne game da lokaci. Idan fitar da kika saya a hannunsu ta makara, za su jira ku, ko su ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan da kanki kika shirya, lokacin tashi na cika za a janye tsani, kuma yawanci ana son kowa ya dawo ciki rabin awa kafin nan. Daga nan tikitin jirgin sama da otal da abinci duk a aljihun Alhaji. Wannan tsoro na gaske ne, amma girmansa ya danganta da tashar. A Cozumel jirgi yana ɗaurewa ne a jikin gada, ku taka da ƙafa ku fito. Gadojin uku ne, Punta Langosta a cikin garin San Miguel, sai International da Puerta Maya a kudu da gari kaɗan, kuma shagunan nutso da yawa suna kan wannan titin gaɓar yamma, tafiyar mintuna a tasi. Wanda ya shiga ruwa da safe, kafin azahar ya fito ya yi wanka, saura awanni a hannunsa. Grand Cayman ba haka take ba. Babban jirgi ba ya isa gaɓa a George Town, can nesa yake tsayawa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage, waɗanda suka sayi fita ta hannun jirgi kuma su ake fara sallama. Ke mai shirin kanki za ki karɓi lamba ki zauna jira, agogon shago yana tafiya. Idan teku ta ɗan harzuƙa ma, kyaftin kan soke tsayawar ɗungurungum.

Akwai wani tarkon agogo da ya shafe ku kai tsaye saboda watan da za ku tafi. Cozumel ba ta canza agogo da rani ko hunturu, don haka a Disamba tana gaban Galveston da awa ɗaya. Wasu jiragen suna gyara agogonsu ya bi na tasha, wasu suna nan a kan na gida. Idan naku bai gyara ba, ƙarfe tara da shago ya ce miki ƙarfe takwas ne a agogon jirgi, wataƙila lokacin ma ba a fara barin mutane su sauka ba. Ki rubuta wa shagon sunan jirginku da ranar isowa, su da kansu za su faɗa miki lokacin da ya dace, kullum aikinsu ke nan. Wayarki za ta juya zuwa agogon gari ba tare da shawararki ba, saboda haka wani a cikinku ya ɗaura agogon hannu da aka saita da na jirgi.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba. Shago ya fi sauƙi, amma ki haɗa da kuɗin tasi zuwa da dawowa, da kuɗin shiga gandun teku idan ba ya cikin farashin (yawancin duwatsun murjanin kudancin tsibirin suna cikin gandun da gwamnatin Meziko ta killace tun 1996), da ɗan ihsanin da ake yi wa malami. Kina gama lissafi za ki ga ratar ta ragu. Ba don araha nake tura ki shago ba.

Don yawan mutane ne. Dokar PADI ta ce a buɗaɗɗen teku malami ɗaya ba ya ɗaukar 'yan koyo fiye da huɗu, kuma idan akwai 'yan shekara 10 ko 11, kada su wuce biyu a cikin huɗun. Kamfanin da jirgi ya ɗauka yana bin wannan doka a cikin ruwa, amma a tudu taro ne: mota cike, bayani ɗaya ga kowa, a karkasa ku rukuni-rukuni, wasu su shiga wasu su zauna jira da rigar roba a rana. Ana iya raba ki da ɗanki, ke a wannan rukuni shi a wancan. Malamin kuma yana kallon agogo, don akwai wasu a bayanku. A ƙaramin shago ku huɗun nan, ke da Alhaji da manyan yaran biyu, kun cika rukuni guda cif, malamin naku ne ku kaɗai.

Amfanin wannan yana fitowa ne a mita uku na farko, inda 'yan koyo suka fi karaya. Ruwa yana da nauyi: a zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu sau biyu, kunne ne kuma ke fara sanarwa. Ana riƙe igiya ana sauka a hankali, kowane ɗan taƙi a matse hanci a hura a hankali har a ji kunne ya buɗe. Wani nan take yake iyawa. Wani yaron sai ya sauka ya ji zafi, ya nuna kunne yana kaɗa tafin hannu, a ɗaga shi sama kaɗan, a sake gwadawa, sau uku sau huɗu. Malamin da ba wanda ke jiransa zai tsaya ido cikin ido da yaron har kunnen ya yarda. Wanda ke da layi a bayansa zai mayar da shi tudu ya ci gaba da sauran, ba don mugunta ba. Ki kuma ja wa yaran kunne tun daga gida a kan abu biyu. Ba a riƙe numfashi ko kaɗan, don iskar da aka shaƙa a ƙasa tana kumbura yayin hawowa, tana iya yi wa huhu illa. Ɗaga babban yatsa kuma a can ba yabo ba ne, cewa ne a hau sama. "Lafiya lau" shi ne a haɗa babban yatsa da manuniya su yi da'ira.

Sai abin da na san yana ranki ko da ba ki rubuta ba, wato sutura da wanda zai riƙe ku. A wannan nutson malami yana taɓa ɗan koyo dole: ya ɗaure masa bel ɗin dalma a ƙugu, ya gyara rigar da tukunya ke jiki, ya riƙe hannu ko kafaɗa a ƙasa. A manhajar jirgi ba inda za ki rubuta cewa mace kike so, wanda aka ba ku shi ke nan. Shago kuwa za ki iya tambaya tun makonni kafin tafiya ko suna da malama mace, su sa ta a ranarku. Ki tambayi doguwar rigar roba mai kaiwa wuyan hannu da idon sawu, don ruwan can ɗumi ne, sau da yawa gajera suke miƙawa. Ku tafi da kayan iyo masu rufe jiki ku sa a ciki, da hijabin iyo mai kama kai. Mayafi mai yalwa ba ya yi, zai yi ta yawo yana naɗe bututu. Ki lura kada bakin hijabin ya shiga ƙarƙashin robar gilashi ko da ɗan kaɗan, nan ruwa zai riƙa tsiyaya har ya cika miki hanci. Alhaji ma ya ji: gemu ba ya hana komai, gashin baki ne ke hana gilashi kamawa a ƙasan hanci, ya ɗan rage layin saman kafin ranar. Wani abu kuma, da yawa daga fitar da jirgi ke sayarwa a Cozumel a haɗe suke da zaman wurin shaƙatawa na bakin teku inda giya ke cikin kuɗin. Ki karanta bayanin har ƙasa kafin ki latsa biya.

Inda jirgi ya fi shago ba gardama shi ne mayar da kuɗi. In an soke tasha, kuɗinki zai koma asusunki na jirgi ba sai kin nema ba. Shago kuwa sai abin da kuka yi da su. Yawancinsu suna mayar da kafin alƙalami idan jirgi bai tsaya ba, amma ki sa su rubuta miki. Ki haɗa da tambayar iskar arewa, wadda ke kaɗawa a lokacin sanyi har hukumar tasha ta hana ƙananan jirage fita. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son ku zaɓi nutson da ake shiga daga gaɓa a kan na kwale-kwale. Ba jiri, ba amai, ba tsalle daga bayan jirgi da kaya a baya, kuma ruwan Cozumel yana da ja a wuraren da ke nesa da gaɓa. Kifi masu launi da murjani suna nan kusa, ba sai an je Palancar ba, sanannen wurin nutson da ake zuwa da kwale-kwale. Wancan a bar wa masu satifiket. Kafin ki tura ko sisi, ki duba sunan shagon a jerin masu rajista na shafin PADI ko na takwararta SSI.

Fom ɗin lafiya bai san jirgi ko shago ba, kuma shi ne ya fi mayar da mutane baya a bakin ruwa. Yana tambaya a kan asma, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, aikin kunne, da magungunan da mutum ke sha kullum, akwai kuma ƙarin tambayoyi ga wanda ya haura shekara 45. Wasu amsoshin, da zarar an ce e, sai da sa hannun likita, kuma babu likitan da zai sa muku hannu a bakin teku da ƙarfe tara na safe. Mai juna biyu ba ta yi sam. Mu kuma da sikila ta yi yawa a cikinmu, duk wanda ke da ita a gidan kada a ko fara sai likitansa ya yi magana. Ki sauke fom ɗin yanzu, kowa ya cike nasa, mai buƙatar likita ya je tun kuna gida a Houston. Kada Alhaji ya ce a rubuta a'a a wuce wurin, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda kuma ya tashi da mura ranar, sanyin na'urar jirgi yakan jawo ta, ya zauna a tudu, toshasshen hanci ba ya barin kunne ya buɗe.

Auta dai ba zai shiga wannan ba, sai mai shekara 10, kuma shagon da ya ce miki zai rufe ido a kan shekarunsa ki bar shi gaba ɗaya, har ku manyan. Amma kada a bar shi yana kuka a kan yashi. A wurin shaƙatawa na Chankanaab, kudu da gadojin jirgi, akwai abu biyu da ake karɓar ɗan shekara 8. Ɗaya Sea Trek, hular gilashi mai nauyi da ake kifa wa mutum a kafaɗa ana turo iska daga sama, ya taka ƙasan teku da ƙafa, fuska ba ta jiƙa, ko iyo ba sai ya iya ba. Ɗayan Snuba, inda tukunyar ke kan ɗan kwale-kwalen roba a sama, mutum yana shaƙa ta dogon bututu mai kamar mita 6. Dole babba ya raka shi, ke nan ɗaya daga cikinku zai bar nutson. Idan ke ce ruwa bai kwanta miki a rai ba, hular nan ta fi dacewa da ke, hijabinki ma yana kanki. Sai Alhaji ya shiga da manyan biyu, ki nema wa babbar 'yarki malama mace kamar yadda na ce.

Ki duba jadawalin tafiyar ki ga ranar da Cozumel ta faɗo. Bayan nutso ɗaya ana son a yi aƙalla awa 12 kafin a hau jirgin sama, idan biyu aka yi awa 18. Ku da za ku kwana a teku kafin Galveston, sannan mota ce za ta kai ku gida, wannan ba zai dame ku ba. Ya shafi wanda ya makara ne har jirgi ya tafi ya bar shi, don ba zai iya bin sa ta sama a daren ba. Saboda haka ranar ku fita da fasfo da katin zama a jakar da ruwa ba ya shiga, ki kuma ɗauki hoton lambar wakilin jirgi na tashar, tana jikin takardar shirin yini da ake bayarwa ko a cikin manhaja.