Sifirin, bel ko allo: me za ka sa a ƙarƙashin mazaunin kujerar katako?

Kujerun cin abinci shida gare ni na maɗaci, aikin hannun wani kafinta da ya yi wa mahaifina su tun ina yaro. Irin waɗanda mazauninsu daban yake da jikin kujera ne. Firam ne na katako mai kusurwa huɗu da aka lulluɓe da soso da yadi, sai a zaunar da shi cikin gurbin da kafinta ya fafe masa. In ka sa hannu ta ƙasa ka tura, sai ya fito. Amfanin wannan dabara shi ne ranar da mazauni ya mutu ba sai an taɓa kujerar ba, firam ɗin kawai za ka kai wa mai kushin. Sau biyu na kai nawa. Karon farko an cuce ni, a karo na biyu ne na san abin da ake saye.

Yawancinmu yadi muke zaɓa mu tafi gida. Alhali abin da zai ɗauki nauyin mai zama yana can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, kuma a kansa ne ya kamata a yi ciniki.

Mafi arha shi ne a buga allon filawud a manna soso a kai. Ya isa ga kujerar da ba a zama a kanta sai ranar sallah, amma in za ka daɗe a teburi, ƙugunka zai ji katako. Robar tsohuwar taya da wasu ke yankawa su ɗame a firam kuwa, kada ma a kawo maka zancenta. Bel na roba da ake shigowa da shi a naɗe ya fi ta nesa ba kusa ba, yana da taushi a farko, sai dai zafin bazarar Kano da Sakkwato, da ke haura digiri 40, yana cinye ƙarfin roba, sai ka ga ta saki tana tsattsagewa.

Bel na algarara ina ganin girmansa. Da bel na saƙa irinsa aka san irin wannan mazauni a Ingila tun farkon ƙarni na 18, a saƙa shi kamar tabarma, a shimfiɗa buhu a kai, a cusa gashin doki. Yana da ƙarko in an ɗame shi da abin ja na musamman har ya riƙa amo kamar ganga in ka buga. Matsalarsa a wajenmu biyu ce: mai kyau ba ya samuwa ko'ina, kuma kaɗan ne masu kushin da ke da abin jan, yawanci da hannu suke ja su buga ƙusa. Wasu suna cewa a cusa audugar rimi a madadin gashin doki. Rimi na matashin kai ne, a mazauni yakan kwanta ya dunƙule.

Sifirin mai murɗi, wanda yake tsaye kamar turmi, shi ya fi kowanne daɗin zama, ba na musu. A ɗinke shi a kan bel, a ɗaure kansa da igiya ta fuska takwas, aikin gwanaye ne. Amma yana son zurfi, akalla inci huɗu. Shi ya sa bayan wani Bature mai suna Samuel Pratt ya yi rajistarsa a Landan a 1828 kujerun Turawa suka koma masu kauri da tudu. Firam ɗinmu kuwa kaurinsa bai fi inci ɗaya ba. In ka tilasta masa, ko dai mazauni ya yi tozo har gwiwa ta bugi teburi, ko sifirin ya leƙo ta ƙasa. Sai in kafinta tun farko ya yi kujerar da zurfin da zai ɗauke shi.

Ni dai sifirin mai lanƙwasa na zaɓa, wanda wayarsa ke tafiya kamar sawun maciji a yashi, kuma shi zan sake zaɓa gobe. A kwance yake, ba ya cin wuri. Ana ja shi daga gaban firam zuwa baya, a maƙala kowane kai da ɗan maƙalin ƙarfe, ya ɗan yi doro sama. Wannan doron shi ne ransa: in ka zauna ya sauka da kai a hankali, in ka tashi ya koma. Zafi ba ya kashe shi kamar roba, iska tana ratsa ƙarƙashinsa, kuma tunda shi ke ɗaukar nauyi, soso mai kaurin inci biyu ya ishe ka, mazauni ya zauna daidai da layin kujera yadda kafinta ya zana ta. A faɗin kujerar cin abinci layi huɗu yakan shiga, tazarar kusan inci huɗu tsakaninsu, sannan a haɗa su a gicciye da igiya mai ƙarfi don kada ɗaya ya kauce ya bar rami. A kansu a shimfiɗa buhun algarara, domin in soso ya hau ƙarfe kai tsaye, ƙarfen zai yanka shi sannu a hankali.

Aibinsa ɗaya ne, kuma dole a faɗa: yana jan katako da ƙarfi dare da rana. Firam na farin katako mai taushi zai lanƙwashe ciki, ƙusa ta zare. In za ka je 'yan katako, a Na'ibawa ne ko a garinku, nemi maɗaci ko kawo ko loko wanda ya bushe sosai, kuma kafinta ya haɗa kusurwoyin da gurbi da gam, ba ƙusa kaɗai ba. Ɗanyen katako in hunturu ya buga shi zai tsuke ya murɗe, firam ya riƙa rawa a gurbinsa.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na biya kuɗin sifirin da soso mai kyau, aka kawo mini kujeru sun sha yadi, gwanin sha'awa. Damina ba ta ƙare ba uku suka lotsa. Na ɗauki wuƙa na farke ƙasan ɗaya. Layi biyu na sifirin na tarar, siriri, ga tsatsa a jiki, tsakaninsu an cike da robar taya. Soson da na ke ji da hannu ta sama bai kai kaurin yatsa ba, ƙarƙashinsa guntaye ne kala-kala da aka tattaro daga ƙasan shago. Abin ya yi mini ciwo, domin kujerun mahaifina ne, kuma da hannuna na miƙa su.

Wani dattijo mai kushin ne ya gyara mini. Ya ɗauki wayar ya lanƙwasa ta da yatsu biyu, ya ce, “Alhaji, wannan ai ta jingina ce, ba ta zama ba.” Na ce, “Baba, yaya zan gane?” Sai ya nuna mini geji. Lambar geji in ta yi ƙasa, waya ta fi kauri. Ta mazauni geji 8 ce ko 9, wato kaurin kusan milimita 4. Geji 11 da 12 na bayan kujera ne, kusan milimita 3 ko ƙasa da haka. A ido bambancin kaɗan ne, shi ya sa ake sauya wa mutane. Ka riƙe yanki ka gwada miƙar da shi: na gaske zai yi maka gardama ya koma yadda yake, na banza zai tsaya inda ka bar shi. Ka kula da wanda aka ciro daga tsohuwar kujera aka fesa wa baƙin fenti. Kankare shi da ƙusa, tsatsa za ta fito. Ka duba maƙalan ma, masu kyau suna da shimfiɗar roba ko takarda a ciki, in babu ita ƙarfe zai riƙa goga ƙarfe, kujera ta yi ta kuka duk motsin da ka yi.

Ha'incin soso ya fi na sifirin yawa. Ingancinsa da nauyi ake aunawa, kilo nawa ne a mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Na mazauni ya kamata ya kai 30 ko ya wuce. Yanki mai santimita 45 tsawo, 45 faɗi, kauri 5, zai yi kusan giram 300 in na 30 ne, in kuwa na 18 ne bai wuce giram 180 da 'yan kai ba. Ma'aunin mai sayar da nama ma zai nuna maka. Sai dai masu algus sun san da wannan, suna zuba garin alli a haɗin don ya yi nauyi da tauri. Irin wannan in ka karce shi da farce za ka ga yana zubar da gari, in ka ja gefensa ya yage kamar burodi. Tauri ba shi ne inganci ba. Matse shi a tafin hannu ka saki, ka ga ko zai dawo nan take. Kuma kada hatimin babban kamfani a gefen soso ya ruɗe ka, ana buga na jabu. In sunan kamfani kake so, je wurin dilansu ka karɓi rasit.

Saboda haka ba na ƙara cinikin biri a sama. Ni nake sayo sifirin da soso da hannuna, in kai, in biya kuɗin aiki daban. Sharaɗina da mai kushin shi ne kada ya rufe sai na gani, ko ya turo mini hoton kowane firam ta WhatsApp, sifirin a buɗe. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Yadi kuwa, a Kantin Kwari ko wajen masu kayan kushin, nemi mai kauri da saƙa a matse. Ledar da ake cewa fata ce tana ɓarewa a zafi. A sa akoko a kan soso kafin yadin sama, don gobe in za a sauya yadi soso bai taɓu ba. Kuma tun kafin a yanka komai, a gwada firam a gurbinsa, a bar sararin milimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe saboda kaurin yadi. In babu wannan sarari za a danna shi da ƙarfi, ya buɗe mahaɗar kujerar. Gurbin kujerar aikin hannu ba ya zuwa daidai da na 'yar'uwarta, don haka a rubuta lamba a ƙasan kowane firam da kujerarsa kafin su bar gida.