Jirgin ƙasan Faris zuwa Nis, yadda muka ji da shi ni da iyali

Tun da na ɗora hotunan nan a status mutane suka dame ni da tambaya, wasu a WhatsApp wasu kuma har shago suka biyo ni Kantin Kwari, wai Alhaji da gaske a jirgin ƙasa kuka je bakin tekun nan ko dai jirgin sama ne kake ja mana rai. To bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, ni ma bakina ya huta.

Ƙanina ne ke karatu a Faris, ya daɗe yana naci mu zo, bana dai Allah ya yi muka je a watan Yuli ni da uwargida da yara biyu. Maganar biza ku bar ta tukun, ita kaɗai sai ta ci nata rubutun. Da muka kwana huɗu ya ce Yaya ai ba za ku koma Kano ba ku ga teku ba, mu gangara kudu. Garin da ya zaɓa Nice ake rubuta shi amma Nis ake faɗa, masu kallon ƙwallo sun san shi, kulob ɗin da Terem Moffi ya koma a 2023. Da na ji tafiyar ta kusa awa 6 na ce haba, mu hau jirgin sama mana awa ɗaya da rabi mun sauka. Ya yi dariya ya ce Yaya ka haɗa da zuwa filin jirgi da jiran awa biyu da cire bel da takalmi da jiran kaya, ka ga abin da zai rage, kuma ta sama gajimare kawai za ka gani. Na bi shawararsa ne don kar ya ce na raina shi, ba don na yarda ba.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani, Faris ba tasha ɗaya gare ta ba. Manyan tashoshi ne da yawa kowacce da nahiyar da take kaiwa, kamar dai yadda mai zuwa Katsina ba zai tafi Yankaba neman mota ba. Ta masu zuwa kudu maso gabas ita ce Gare de Lyon, mai doguwar hasumiya da agogo. A samanta akwai wani tsohon gidan abinci Le Train Bleu tun 1901, na leƙa na ga zanen rufin da adon ruwan zinare na ga masu kawo abinci da kwat, aljihuna ya ce mu koma ƙasa, muka koma.

Jirgin TGV ne, na kamfanin jiragen ƙasa na Faransa SNCF. Layinsu na farko mai gudu an buɗe shi 1981 tsakanin Faris da Lyon, a 2001 aka kai shi har Marseille. Tikiti a waya yake, kana nuna lambar nan mai ɗigo-ɗigo ƙofa ta buɗe. Ba a bayyana layin da jirginka yake tsaye sai saura kamar minti 20, kowa ya ɗaga kai yana kallon allo kamar masu duban wata, ana sakawa sai ka ga jama'a sun kwasa gaba ɗaya. Kuma saura minti 2 a tashi ake rufe shiga. Ba maganar direba ya jira Hajiya ta shiga bayi, ba maganar saura mutum ɗaya mota ta cika. Ni da na saba da lokacin ɗaurin auren Kano sai da ƙirjina ya buga.

Ku kula da wannan don ya kusa cin mu. A tikitin akwai lambar tarago, su voiture suke rubutawa, da lambar kujera wato place. Wani lokaci jirgi biyu ake haɗawa a jere, kuma ba hanyar wucewa daga wannan zuwa wancan ta ciki. Ni na ga ƙofa a buɗe na ce mu faɗa kawai ma nemi wurinmu a ciki, ƙanina ya riƙo hannuna ya ce a'a Yaya namu yana can gaba. Haka muka yi ta jan akwatuna, tafiya kamar daga Ƙofar Nasarawa zuwa gidan sarki, yarinya tana kuka uwarta tana min kallon ai na faɗa maka.

Kayan ma laifinmu ne. Ka'idarsu manyan akwatuna biyu da jakar hannu ga kowane mutum, kuma a maƙala suna a jiki. Mu ba mu wuce ka'ida ba amma mun manta babu ɗan dako, babu mai baro, kai za ka ɗaga abinka ka hau matakala da shi in kujerarka a bene take. Kwana biyar za mu yi amma uwargida ta haɗo kaya kamar za a kai amarya. Kilishi da dambun nama kuwa tun a Kano ƙanina ya ce kar mu soma, ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama.

Eh bene na ce, jirgin hawa biyu ne, kuma in da hali a zaɓi sama. Kujeru huɗu muka samu masu fuskantar juna da tebur a tsakiya, shi ƙanin yana gefe. Akwai wurin cajin waya, akwai intanet na jirgin, sanyin esi daidai ba irin na banki mai sa mura ba. Yadda ya tashi ma ban sani ba, sai gani na yi ginin tasha yana ja da baya. Muna fita gari ya ɗau wuta. Gudun nan yana kai kilomita 300 a awa, a wasu wurare har 320, amma shayin da na zuba a murfin filas yana kan tebur ko ɗigo bai zube ba. Inda za ka gane ana gudu shi ne in layin ya yi kusa da babban titi, ka ga motocin da su ma gudu suke kamar an ɗaure musu ƙafa. Sai kuma in wani jirgin ya gifta ta ɗaya layin, fuuu kamar an mari taga, kafin yaro ya ce Abba kalli ya wuce. Kunne yana ɗan toshewa in an shiga ramin dutse, na ba yara cingam.

Shirun cikin taragon ne ya fi ba ni mamaki. Mutum kusan ɗari amma kamar ana jarrabawa, wannan da littafi wancan da kwamfuta, mai son waya ya tashi ya fita wajen ƙofa. Uwargida ba ta lura ba ta danna wa mahaifiyarta kiran bidiyo, murya a sake, Hajiya ina wuni ga mu a jirgin ƙasa, Hajiya kina ganin shanunsu farare tas, ita kuma Hajiya daga Gwammaja tana ɗaga murya tana a'a ikon Allah, ku dai yi ta addu'a. Wata tsohuwa a gefenmu ta sauke tabarau ta kalle mu ta yi murmushi, ba ta ce komai ba. Ƙanina ya sunkuya ya ce Anti a hankali, a nan waje ake fita. Har muka sauka da raɗa take magana.

Akwai tarago na sayar da abinci da kofi, amma mu da guzurinmu muka shiga kuma ba mai hana ka ci a kujerarka. Dogon burodin nan nasu, dafaffen ƙwai, gasasshiyar kaza daga shagon halal, yaji a ƙulle a leda. Wanda zai sayi sanwici ya riƙe kalma ɗaya, jambon, naman alade ne, in ka gan ta a jiki ka ajiye. Bayi a tsaftace yake amma ba buta, ku shiga da gorar ruwa, ruwan famfon ciki kuma ba na sha ba ne. Salla ba ta ba mu wahala ba don da safe muka tashi, muna sauka muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru.

Daga Faris zuwa wajen Marseille kilomita kusan 750 ne, awa 3 da ƴan mintoci ya cinye su. Ka ƙiyasta, ya fi Kano zuwa Abuja nesa ba kusa ba. A raina na ce wai mu da jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma har gobe muna labarin na Legas mai kwana a hanya. Na hau na Rigasa zuwa Idu da aka buɗe 2016 na ji daɗinsa, amma wannan wata duniya ce daban. To daga nan sai gudun ya ƙare, ya koma tsohon layi, sauran kilomita 200 da ɗoriya sai da ya ci awa biyu da rabi. Da farko na fara ƙorafi, ashe nan ne kuɗina yake.

Bayan Toulon an ɗan shiga cikin gonakin inabi, sai Saint-Raphaël, daga nan ne abin ya fara. Duwatsu jajaye jawur kamar jar ƙasar da ake ginin birni da ita, sun gangara sun tsoma ƙafa cikin ruwa shuɗi shar kamar an kwance baba a marinar Ƙofar Mata. Jirgin ya shiga rami ya fito, ruwa, ya sake shiga ya fito, ƙananan jiragen ruwa farare, mutane a ƙasa suna wanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa su. Ƴar autarmu ta manna goshi a gilashi ta ce Abba wannan Tiga ce? Na ce a'a, wannan ta haifi Tiga. Babban kuma ya dage sai na nuna masa ɗaya gaɓar, na ce can Afirka ce, Aljeriya da Tunisiya, ido ba ya kaiwa. Ruwan yana hannun dama in ana tafiya Nis, in kujerarka ta faɗo hagu ka tashi ka je taragon abinci ka tsaya jikin taga. Ni tun daga nan har Cannes da Antibes ban koma na zauna ba. Wannan rabin awar kaɗai ta sa na ce wa ƙanina ka yi gaskiya, abin da ba kasafai nake faɗa masa ba.

Tashar Nis a tsakiyar gari take, da ƙafa ma za ka gangara bakin ruwa, ko ka hau taram, ƙaramin jirgin ƙasan nan mai bin titunan cikin gari. Kewayen tashar akwai shagunan Larabawa da na halal, abinci bai zame mana matsala ba. Mun ci wata wainar garin wake tasu da ake kira socca, faffaɗa ce ana gasa ta a tanda, da na barbaɗa mata yaji sai ta tuna min da gida.

Amma fa kar hoto ya ruɗe ku, bakin ruwan Nis ba yashi ba ne, duwatsu ne mulmulallu. Na cire takalmi da ƙarfin hali na taka uku na dawo ina tsalle, dole muka sayi takalman roba. Titin bakin ruwan, Promenade des Anglais, dogo ne kusan kilomita 7, daɗin yawo da yamma. Wasu sassan na haya ne da gadaje da lema, sauran kyauta. Sai maganar sutura, duk Bakano ya shirya runtse ido, da rana tsaka wurin ba na zuwa da suruki ba ne. Mu da sassafe muke fita kafin a cika, ruwa a kwance ba hayaniya, uwargida da hijabinta ta tsoma ƙafa ba wanda ya tanka mata. Rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, yara suka rikice wai ya za a yi barci ga gari da haske.

Ƙananan jiragen ƙasa na yankin, TER, su ma sun biya ni. Ba a kama kujera, ka sayi tikiti ka shiga, kuma a kai a kai suke. Ƙasa da minti 10 ka sauka Villefranche, tashar a saman bakin ruwa take, ƙananan tsakuwa ne ba irin na Nis ba. Mai son yashi sosai ya koma Antibes. Monaco kamar minti 25, tashar tana cikin dutse, na je ne don in ce na taka garin da ɗan ƙwallonmu Victor Ikpeba ya yi sarauta a fili. Da safe da yamma dai a cike suke maƙil da masu zuwa aiki Monaco, mun yi tsayuwa. Ranar Juma'a na bar su na tsallaka Ventimiglia ta Italiya ni da ƙanina, don na ji ana cin kasuwa a bakin ruwa kuma ɗan Kwari ba ya jin kasuwa ya zauna. Rumfuna a jere, jakunkuna, takalma, yadi, cuku, ana ciniki ana ragi kamar Sabon Gari. Na murza wani yadi a hannu mai rumfar ya kalle ni ya gane ba baƙo ba ne a harkar, muka yi ta dariya ba mai jin yaren wani. A riƙe fasfo don ana iya dubawa a iyaka, kuma kar a sayi jabun kaya masu sunan manyan kamfanoni, tara ake cin mai saye.

Inda aka cuce ni tun daga gida ne. Wani ejan da ya haɗa mana tikitin jirgin sama a nan Kano ya ce min Alhaji jirgin ƙasa ai kamar mota ne, ka je tasha kawai ka saya. Ƙarya ne. Kuɗin TGV kamar na jirgin sama yake, yana hawa in rana ta matso kuma kujeru na ƙarewa, ana fara sayarwa watanni kafin tafiya. Mu saura kwana uku muka saya ga shi lokacin hutun bazara, ƙanina da ya ga kuɗin ya ce ya kusa ninka abin da ya taɓa biya, ni kuma da na juya shi zuwa naira sai da na nemi kujera na zauna. Akwai mai araha OUIGO da suka fito da shi 2013, shi kuma babban akwati kuɗinsa daban, da irin kayanmu ba riba. Yaro ƙasa da shekara 4 in a cinya zai zauna ba a biya masa a TGV, tamu ta wuce da wata biyar kacal, abin ya min ciwo.

In maki ake so, jirgin na ba shi tara cikin goma, ɗayan na riƙe saboda matakalar da na hau da akwatin uwargida, bayana har yanzu yana gaishe ni. Mai tafiya da tsoho ko mai ciwon gwiwa ya zaɓi kujerar ƙasa tun wajen sayen tikiti. A dawowa ma jirgin muka sake hawa, na yamma, wannan karon akwati ɗaya muka cusa cikin ɗaya, yara suka yi barci tun kafin Toulon, ni kuma na koma jikin tagar nan har ruwan ya ɓace.