Gully Boy: na zauna kallo a matsayin yaron, na tashi a matsayin uban

Ƙanena ne ya matsa mini sai na kalli fim ɗin nan. Wata takwas ke nan da ya baro gida ya zo wurina a Agege, Legas, da sunan koyon gyaran waya, amma littafin baitocinsa bai taɓa barin aljihunsa ba. Daren wata Asabar aka ɗauke wuta, ya jingina wayarsa da filas ɗin shayi, ya ce, "Yaya, don Allah ka ba ni awa biyu da rabi kawai." Na ce in dai fim ɗin Indiya ne na rawa a gindin bishiya, barci zan yi. Ban yi barcin ba.

Fim ɗin na 2019 ne, Zoya Akhtar ce ta ba da umarni, Ranveer Singh ya fito a Murad, ɗalibi Musulmi mazaunin Dharavi, unguwar talakawan Mumbai da gidajenta ke hawa kan juna. An tsakuro labarin daga rayuwar mawaƙan gambarar zamani biyu na birnin, Divine da Naezy. Da rubutun Turanci a ƙasa muka kalla, kuma gaskiya baitocin sun fi rubutun gudu, sau da yawa sai mun koma baya.

Ni direba ne, shekara 11 ina jan motar wani gida a Ikoyi. Uban Murad ma direba ne, kuma da ya ji ciwo, ɗan ne ya karɓi makullin. Daga nan fim ɗin ya kama ni. Akwai wurin da maigidan ke yi wa 'yarsa faɗa kan karatu a kujerar baya, ya buga misali da direban, wai ga shi har shi ma yana da digiri, kamar wanda ke riƙe da sitiyarin ba shi da kunne. Akwai wurin da ya sauke su gidan shagali, ya matsa kusa don ya ji kiɗa, mai gadi ya kore shi, ya koma mota ya rufe gilashi. Akwai daren da yarinyar ke kuka a baya, tsakaninsu bai fi kamu uku ba, amma ba shi da hurumin ce mata sannu. Duk wanda ya taɓa kwana a filin ajiye motoci a Victoria Island yana jiran a gama liyafa, sauro na cizonsa, ya san ba ƙirƙira ba ce. Ranveer da muka sani da rawar kai ya natsu a nan, yawancin wasansa da ido ya yi shi.

Gidan ma na gane shi. Ɗaki ƙarami, uban ya shigo da amarya, uwar tana dafa wa kishiya abinci tana haɗiye baƙin ciki. Har 'yan yawon buɗe ido ake kawowa su ɗauki hoton talaucinsu, kakar tana karɓar kuɗin shiga. Na yi dariya a nan, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Alia Bhatt ta fito a Safeena, budurwar Murad, ɗalibar likitanci mai ɗankwali da zafin kishi, har kwalba ta fasa wa wata a ka. Ƙanena ya sha dariya, ni kuwa na ce wannan a Legas sai ofishin 'yan sanda. Wanda ya fi burge ni Siddhant Chaturvedi ne a MC Sher, mawaƙin gambarar da ya ja Murad a jiki ba hassada. Irinsa ba su da yawa a kowace sana'a.

To, ga inda ni da fim ɗin muka raba hanya. Uban yana cewa ɗan direba ya yi buri daidai wuyansa, ya riƙe aikin ofis da kawunsa ya sama masa. Amma sai aka mai da uban mugu, mai dukan mata da ɗa, don kada mai kallo ya tsaya auna maganarsa. Wanda ya mari matarsa, ko gaskiya ya faɗa ba mai saurara. Alhali maganar tasa tana da ƙafa. Kalmomin da ya faɗa wa ɗansa kusan su na faɗa wa ƙanena ranar da na ga ya kashe kuɗin sati a situdiyo, kuma ni ban taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Tsoro ne ya sa na faɗa, tsoron ranar da mai gidan haya zai buga ƙofa. Ina kallo ina jin yaron yana satar kallona ta gefen ido.

Sannan hanyar ta yi wa Murad santsi fiye da kima. Wata 'yar masu kuɗi, Sky, mai karatun kiɗa a Amurka, ta ga bidiyonsa a intanet, ta kawo situdiyo da kyamara. Sai ga gasar da wanda ya ci zai buɗe fage wa Nas, mawaƙin Amurka. Ya shiga satar mota tare da abokinsa Moeen, abokin ne ya shiga hannu, ya kuma rufa masa asiri. Ko'ina ya faɗa akwai katifa a ƙasa. A Legas da na sani, yaro zai biya kuɗin ɗaukar murya, ya biya mai haɗa kiɗa, ya nemi wanda zai sa waƙar, sannan ya tashi da asuba ya rataya a danfo zuwa Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci a Ikeja.

Ƙanena bai bar ni na ci bulus ba. Ya ce mawaƙi Olamide daga unguwar Bariga ta Legas ya fito, kuma da Yarbanci ya yi suna. Ya ce marigayi Dagrin, wanda ya rasu a 2010 bayan hatsarin mota a Mushin, shi ya nuna ba sai da Turanci ba. Ya lissafo Classiq da DJ AB da suke yi da Hausa. Abin da fim ɗin ya nuna ke nan, in ji shi: harshen lungunku da zancen lungunku sun isa. A nan na ba shi gaskiya, domin waƙoƙin Murad sun yi ƙarfi ne lokacin da ya daina kwaikwayon kowa ya faɗi abin da ke cikin ɗakinsu. Na dai ce masa ya ƙirga mini waɗanda suka fito daga Bariga ba su zama Olamide ba. Ya yi shiru.

Kiɗan yana da kyau, ɗaukar hoton lungunan ya fi kyau, tsakiyar fim ɗin ta ɗan yi ja. Akwai ashar jefi-jefi da wurare biyu-uku da ba za ka so surukinka na zaune ba, don haka a kwantar da yara tukuna. In maki ake bayarwa, 7 cikin 10.

Da muka gama wuta ba ta dawo ba, cajin wayar saura kaɗan. Na ce ya karanta mini baiti ɗaya daga littafin nasa, karo na farko tun zuwansa. Ya haska da wayar ya karanta. A kan wani direba ne da ke sallar isha'i a gefen taya yana jiran maigida. Ban ce masa komai ba, na dai tuna masa Litinin ƙarfe 7 ogansa ke buɗe shago.